Jirgin Wasa da Turken Damina

Birnin Niyok na ƙasar Amurka yana da lambunan shaƙatawa da filayen wasa sama da 1,700 a hannun hukumar birni, amma wanda ya sayi ƙaramin jirgi maras matuƙi don nishaɗi, a wurare biyar kacal aka yarda ya tashe shi ba tare da takardar izini ba. Biyu suna Brooklyn, wato Calvert Vaux da Marine Park. Biyu suna Queens, Flushing Meadows da Forest Park. Na biyar yana LaTourette, can tsibirin Staten. Central Park kuwa, wanda duk mai kallon fina-finan Amurka ya san ciyawarsa da tafkunansa, eka 843 ne, amma ko taku ɗaya ba a ware wa mai jirgi a cikinsa ba. Birnin kuma yana ɗauke da mutum sama da miliyan 8.

Dokar da aka dogara da ita ta girmi waɗannan jirage nesa ba kusa ba. Tun 1948 aka kafa ta, lokacin da in an ce jirgi, mai ɗaukar mutum ake nufi. Abin da ta ce shi ne ba a tashi kuma ba a sauka a cikin birni sai a inda hukuma ta keɓe. Da irin jiragen nan da muke gani suna shawagi a kan bikin aure da hawan Sallah suka cika kantuna, sai aka jawo tsohuwar dokar aka rufa musu.

Mai jirgi yana da abin faɗa. A fili kanti ya sayar masa, ya biya haraji, ya yi wa abinsa rajista da gwamnatin tarayya, ya ci jarrabawar da aka ce ya ci, sannan ya isa lambu jami'i ya tare shi ya ce mai da shi jaka. Dole ya ɗaga kai ya tambaya: to, sararin sama ma na magajin gari ne? Tambayar ba ta banza ba ce. Amma duk wanda ya tashi a garin da ake kiwon awaki a cikin gida, ake kuma noma a bayan gari, ya daɗe da sanin amsarta.

Da rani akuya ba ta da shamaki. Da safe a buɗe mata ƙofa ta fita, ta bi gonakin da aka girbe tana kalar ganyen wake, ta tsaya a gindin gawo tana tsintar 'ya'yan da suka faɗo, da la'asar ta dawo gida da ƙafarta. Babu mai ce mata kul. Amma da zarar ruwa ya zauna an yi shuka, gero ya fara huda ƙasa, sai mai unguwa ya sa a yi shela: kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar sai turke da igiya. Yara su riƙa fita da lauje da buhu suna yanko ciyawa, uwar gida ta riƙa haɗa dusa da ruwan kanwa, ita kuma akuya ta yi ta zagaye turkenta tana kuka har ƙasar wurin ta daddale. Wahala ce ga mai ita, kowa ya sani. Duk da haka ba ka jin wanda ya tsaya a ƙofar mai unguwa yana ta da jijiyar wuya cewa da kuɗinsa ya saya, don haka ba mai hana ta yawo. Mallakar akuya daban, inda bakinta zai kai daban.

Wata rana ruwa ya ruɓar da igiya, akuya ta fizge ta faɗa gonar wani. Mai gona ya kamo ta ya jawo ta har zauren mai unguwa. Ba a wahala wajen gane mai ita, ga tsaga a kunnen hagu, ga jan ƙyalle a wuya. A aika yaro ya kira tsohuwar da ke da ita, ta zo tana gyara mayafi tana salati.

"Ranka ya daɗe, wallahi da asuba na leƙa ta, tana ɗaure."

"Na yarda, Inna. Amma ga shi ta cinye wa Malam kunya uku ta wake."

Sai a tura dattawa biyu su je su ga ɓarnar da idonsu su ƙiyasta. Sau da yawa mai gona yakan ce ya yafe, don ya san gobe tasa ce za ta tsinke. Amma ko ya yafe ko bai yafe ba, a ranar tsohuwar za ta sake igiya. A duk zaman nan babu wanda ya tuhumi akuya, domin ita ba ta san iyakar gona ba. Mai turke ake kira.

Akwai kuma inda ikon mai unguwa bai kai ba, shi ne burtali. Hanyar shanu ta ratsa garuruwa da yawa, ba ta unguwa ɗaya ba ce. Mai unguwa ba ya toshe ta don ya ga dama, kuma manomin da ya ci ta da garma ya jawo wa gari fitina.

To, sama a Amurka burtali ce, kuma mai kiwon kaji ne ya sa aka fayyace haka. A shekarun yaƙin duniya na biyu wani mutum da ake kira Thomas Causby yana zaune kusa da filin jirgin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa. Jiragen soja suka riƙa bi ta kan gidansa, tsakaninsu da ƙasa ƙafa 83 kawai. Ƙara da hasken fitila suka riƙa firgita kajin, su tashi su bugi bango. Wajen 150 suka mutu, sana'ar ta durƙushe. Ya kai gwamnati ƙara, magana ta je har Kotun Ƙoli. A 1946 kotun ta ce tsohuwar fahimtar nan cewa mai fili ya mallaki duk abin da ke bisa filinsa har ƙarshen sama ba ta da wuri a zamanin jirage, domin sarari hanya ce ta kowa. Amma ta ƙara da cewa mai fili yana da haƙƙi a kan iskar da ke dab da ƙasarsa gwargwadon abin da zai iya amfani da shi, kuma wanda ya hana shi morar gidansa ta sama sai ya biya shi. Ba ta ja layi ta ce daga ƙafa kaza ba. Bayan wajen shekara 70 sai ga wani abu da ke yawo daidai cikin wannan tazara da ba a shata ba, kuɗinsa kuma bai wuce na wayar hannu ba.

Mai kula da burtalin ita ce hukumar sufurin jiragen sama ta tarayya, FAA, kuma sharuɗɗanta ga mai wasa da jirgi ba su da wuyar ganewa ga mai kiwo. Kada ka wuce ƙafa 400, wato wajen mita 120, domin jiragen da ke ɗauke da mutane galibi daga ƙafa 500 suke farawa, an bar rata a tsakani. Kada jirgin ya ɓace wa idonka, wannan ita ce igiyar. In ka ga jirgi mai mutum, kai ne za ka kauce. In kana kusa da filin jirgi, sai ka nemi izini ta waya kafin ka tashi, kuma Niyok birni ne da manyan filaye uku suka sa a tsakiya, Kennedy da LaGuardia da Newark. In nauyin jirgin ya kai giram 250, sai ka yi masa rajista a kan dala 5 na shekara uku, ka rubuta lambar a jikinsa inda za a gani, kamar dai tsagar kunne. Tun 2021 ana son kowane mai wasa ya ci wata 'yar jarrabawa ta kyauta a intanet. Daga 2023 kuma jirgin da ke da rajista dole ya riƙa watsa lambarsa da inda yake da inda mai shi yake tsaye, don in an yi ɓarna a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Wanda yake ganin an cika tsanani a kan abin da bai fi tafin hannu biyu ba, ya tuna gobarar Los Anjalas ta Janairun 2025. Wani ya tashi ƙaramin jirginsa don ya ga inda wuta ta kai, jirgin ya ɓace masa, ya je ya huda fiffiken wani babban jirgin kashe gobara da aka aro daga Kanada. Aka ajiye jirgin kwanaki ana gyara, alhali wuta tana cin gidajen mutane.

To ina ikon birni ya shigo? A ƙasa. Jirgi ba ya tashi daga iska, dole akwai inda aka ajiye shi, da inda mai shi ya tsaya da ƙafafunsa, da inda zai sauka. Wannan ƙasa kuwa tana da mai ita. Ita kanta FAA ta yarda cewa birane da jihohi suna da ikon tsara amfani da filayensu, da hana leƙen asirin mutane, da faɗin inda za a tashi da inda za a sauka. Shi ya sa in ka karanta dokokin da aka rubuta da hankali za ka ga ba sa cewa an hana shawagi a sama. A watan Yunin 2014 da hukumar gandayen ƙasa ta Amurka ta hana jiragen a duk wuraren da ke hannunta, abin da ta ambata shi ne tashi da sauka da sarrafa jirgi daga ƙasarta ko ruwanta. Wanda ya saɓa yana iya shan tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin da ya kai wata shida. Turke ta kama, ba ta taɓa burtali ba.

Wanda ya wuce nan, kotu takan mai da shi. Wani ƙaramin birni mai suna Newton, kusa da Boston, ya yi doka a ƙarshen 2016 cewa kowane mai jirgi ya sake rajista da birni, kada a bi ta kan filin birni sai da izini, kada kuma a bi ta kan gidan kowa ƙasa da ƙafa 400 sai da yardar mai gida. Wani likita mazaunin garin ya kai ƙara. A Satumbar 2017 alƙalin tarayya ya soke waɗannan sassa, kuma hujjarsa a fili take: tarayya ta ce kada a wuce ƙafa 400, birni ya ce kada a yi ƙasa da ƙafa 400, ke nan ba a bar wa jirgi ko'ina ba. Mai unguwa ya kafa shinge a tsakiyar burtali.

Ni dai ina tare da masu cewa lambu yana bukatar doka, kuma dalilina na farko shi ne igiyar nan tana tsinkewa fiye da yadda masu sayar da jirage suke faɗa. Abin da ke haɗa jirgi da hannun mai shi saƙon rediyo ne, abin da ke gaya masa inda yake kuma tauraron ɗan'adam ne. A tsakanin dogayen benaye duka biyun suna rikicewa, ga iska da ke murɗawa ta lungunan gine-gine, ga batirin da bai cika wuce rabin sa'a ba. In saƙo ya yanke, yawancin jiragen an tsara su su kama hanyar komawa inda suka tashi, kuma in bishiya ko bango ya gitta, ba kowanne ke iya kaucewa ba. A Satumbar 2015 ana tsakiyar wasan tanis na gasar US Open, sai ga jirgi ya faɗo cikin kujerun filin Louis Armstrong. Allah ya sa babu kowa a sashen. Wani malamin makaranta ne yake wasa da shi ya ƙwace masa, filin kuwa a cikin Flushing Meadows yake, lambun da ke da wurin da aka keɓe wa jirage. Makiyaya ma takan yi iyaka da gona. Watanni kaɗan kafin haka a birnin Siyatil, wani jirgi ya bugi bene ya faɗo kan wata mata a cikin taro har ta suma, kuma a 2017 kotu ta yanke wa mai shi kwana 30 a gidan yari. Babu ɗayansu da ya fito da niyyar cutar da kowa. Tsohuwar nan ma da asuba ta leƙa akuyarta.

Dalili na biyu ba ya barin tabo a jiki, shi ya sa masu jirage da yawa ba sa ɗaukarsa da nauyi, ni kuwa shi ya fi damuna. Mafi yawan mutanen Niyok a ɗakunan bene suke zaune, ba tsakar gida, ba inuwar bishiya. Lambu ne kaɗai inda mace za ta shimfiɗa zane ta zauna da 'ya'yanta, dattijo ya miƙe ƙafa ya rufe ido, wanda aka yi wa rasuwa ya samu wurin da zai yi shiru. Sai ga ƙugi a bisa kai, ga idon kyamara yana juyawa. Mai jirgi ya san faɗuwar rana yake ɗauka, amma matar da ke ƙasa ba ta sani ba, ba ta ma ga inda yake tsaye ba balle ta tambaye shi. Mai ɗaukar hoto da waya kana ganinsa, kana iya kau da fuska ko ka ce masa bari. Wannan kuwa ba ka da wanda za ka yi wa magana. Sai ta ja mayafi, ta tattara yara, ta bar wurin. Babu dattijon da zai je ya ƙiyasta wannan ɓarna, amma an ci mata wani abu, kuma mutum ɗaya da jirgi ɗaya yana iya yi wa mutum ɗari haka a yammaci guda.

Inda na rabu da Niyok shi ne tsawon igiya da tsawon damina. A garinmu ana ɗaure akuya ne ana kawo mata ciyawa, kuma kowa ya san akwai ranar saki. A watan Yulin 2023 magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya sanar da sabon tsari na neman izini daga 'yan sanda, aka yi ta cewa birni ya buɗe ƙofa. Amma dubi ƙofar. Ka nema kwana 30 kafin ranar, ka biya dala 150, ka nuna lasisin FAA irin na masu sana'a, ka nuna inshora. In za ka ɗauki hoto, ka sanar da majalisar unguwa, ka manna takarda a wurin don mazauna su sani. Wannan na ƙarshe ya yi mini, domin shi ne ya tuna da matar nan mai zane. Sauran kuwa an ɗinka su ne daidai jikin kamfanin fim da injiniyan da ke duba bangon bene. Yaro ɗan shekara 14 da kawunsa ya saya masa jirgi ba ya cikin lissafi. In a Bronx yake ko Manhattan, babu fili ko ɗaya a yankinsa, sai ya hau jirgin ƙasa ya ƙetare ruwa. Mun san abin da yaro zai yi. Zai hau rufin bene, ko ya je lambu da sassafe kafin jami'ai su fito, ya koyi tuƙi a ɓoye, a wurin da ya fi haɗari, babu babba a kusa da zai ce masa yi ƙasa-ƙasa, ga helikwafta can. Ɗaurin da ba ranar saki, dabba takan koyi cin igiya.

Jihar Arizona ta fi burge ni. A dokarta ta 2016 ta karɓe ikon tsara jiragen daga hannun birane, amma ta bar musu abu ɗaya: birni yana iya hana tashi da sauka a wani lambu nasa, muddin akwai wasu lambunan a cikin birnin da aka bari a buɗe. Wato in za ka rufe gona, nuna makiyaya. Birnin Phoenix ya bi haka, ya ware wasu lambuna ya ce ga naku nan. Jihar Mishigan kuma ta ja abin zuwa ɗaya gefen, dokarta ta hana ƙananan hukumomi yin nasu tsarin, har a 2020 wata kotu ta hana gundumar Genesee aiwatar da haramcin da ta sa a lambunanta. Wannan ma ban gamsu da shi ba, domin wanda ke zaune a babban birnin jiha bai san wane lambu ne ke cika da yara ranar Asabar ba, mai shara da mai gadi su suka sani. Ikon ya zauna a hannun birni, amma da sharaɗin Arizona. Bronx ba ta rasa fili ba. Pelham Bay, lambu mafi girma a Niyok, a cikinta yake, ya ninka Central Park fiye da sau uku. Kusurwa ɗaya da ta yi nesa da fadama da wurin wasan yara, da allo, da sa'o'in da aka yanka, ba za ta rage wa kowa komai ba.

Sai maganar shela, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. Mai unguwa ba ya kama akuyar kowa kafin mai shela ya zaga lungu-lungu. A Niyok lambunan ba na hukuma ɗaya ba ne. Wasu na birni ne, wasu na jiha, wasu kuma, kamar matattarar tsuntsaye ta Jamaica Bay da tsibirin da mutum-mutumin 'yanci yake, na tarayya ne, kowanne da dokarsa. Ciyawa iri ɗaya ce, ido ba ya rarrabewa. Manhajar wayar da masu jirage ke dubawa aikinta nuna halin sararin sama, tana iya ce maka sama a buɗe take alhali ƙasar da kake tsaye a kanta an hana. Baƙon da ya zo yawon buɗe ido da jirgi a jaka ya duba waya ya ga ba matsala, ya tashi da zuciya ɗaya, sai ya tsinci kansa a hannun 'yan sanda. Haƙƙin hukuma ne ta kafa allo a kowace ƙofa, da hoto ba da dogon Turanci ba, kuma allon kada ya tsaya a kan an hana, ya faɗi lambu mafi kusa da aka yarda. Haƙƙin mai jirgi ne shi ma ya tambayi wanda ya tarar a wurin kafin ya buɗe jaka. Wanda aka samu karon farko bai yi ɓarna ba, a nuna masa hanya ya isa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wuri ɗaya da awakin garinmu ba su isa su bayyana lamarin ba. Ɓarnar akuya tana da mudu, a auna a biya, baɗi a sake shuka. Wata ɓarnar jirgi ba ta da mudu. A 2014 a gandun Zion na jihar Yuta, an ga jirgi ya tarwatsa garken tumakin dawa har ƙanana suka rabu da iyayensu. A watan Agustan shekarar wani ɗan ƙasar Holan ya jefa nasa cikin Grand Prismatic, maɓuɓɓugar ruwan zafi mafi girma a Amurka, a gandun Yellowstone, wadda ƙananan halittun da ke rayuwa a gefenta ne suke ba ta launukan da ake zuwa kallo. Kotu ta sa ya biya sama da dala 3,000, tara da diyya. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bolsa Chica, wata fadama a gaɓar tekun Kalifoniya. Akwai wasu fararen tsuntsayen teku masu baƙin tukku da ke taruwa can duk shekara, su yi ƙwai a kan yashi tsirara, kusa da kusa. A watan Mayun 2021 wani ya tashi jirgi a inda aka hana, jirgin ya faɗo a tsibirin da suke kwanci. Tsuntsayen suka ɗauka maharbin sama ne ya sauko musu. Wajen 3,000 suka tashi gaba ɗaya, ba su dawo ba, suka bar ƙwai sama da 1,500 a rana. Wace tara ce za ta ƙyanƙyashe su? A irin wannan wuri ba na neman sassauci ko kaɗan, kuma mai jirgin da ya san ciwon abin da yake so ya kamata ya riga jami'i hana ɗan'uwansa.

Amma ko a nan, kwanci lokaci gare shi, kuma Niyok da kanta ta ga haka. A lokacin zafi na 2024 birnin ya riƙa tashin nasa jiragen a gaɓar Rockaway, suna duba kifin shak da masu iyo da ruwa ke neman ci. Sai wasu tsuntsaye masu dogon jan baki da ke kiwon 'ya'yansu a yashin wurin suka riƙa taso wa jiragen suna kai musu sara. Masana suka yi gargaɗi cewa in abin ya ci gaba, iyayen suna iya barin sheƙa kamar yadda aka yi a Kalifoniya. Hukuma ba ta daina aikin ceto ba, ba ta kuma yi kunnen uwar shegu ba, sai ta janye hanyar jiragenta daga inda sheƙunan suke. Abin da ta yi wa nata jiragen shi nake so ta yi wa na jama'a: a bi lambunan ɗaya bayan ɗaya tare da masu kula da tsuntsaye da mazauna unguwa, a fitar da inda ba za a taɓa tashi ba, da inda za a rufe watannin kwanci kaɗai, da inda za a buɗe da safe kafin iyalai su fito, sannan a rubuta ranar ɗauri da ranar saki a jikin allon da ke bakin ƙofa.